Zoben Inna da Jar Jita

Ni dai tun ina da ƙuruciya ba mai son fita ba ce. Ko unguwa mai gida ya ce in je, sai in ji kamar aiki aka ɗora mini. Gari shi yake zuwa ya same ni a tsakar gida, ta kunne yake shigowa. Ina zaune ina tankaɗe zan gaya muku jirgin da ya yi kuka na Ikko ne ko na Nguru, in gane ɗan garuwanmu tun daga bakin lungu da ƙarar garwarsa, in san maƙwabciya ta yi fushi da mijinta daga yadda taɓaryarta take faɗawa turmi. Karatu ban yi mai nisa ba, na allo ne da ɗan yaƙi da jahilci da na tsinta daga baya. Amma kunne kam, Allah ya ba ni, ban roƙa ba.

A shekarun nan da ake ta zancen mulkin kai, Turawa ba su kai ga tafiya ba, muna haya a wani gida a Fagge, ni da mai gida, wanda tela ne, da mahaifiyarsa da kowa ke kira Inna. Katanga ce ta raba gidan biyu, da ƙyauren katako a tsakiyarta wanda ba a taɓa sa masa sakata ba. Ta nan gishiri yake wucewa, da garwashin wuta, da gulma. Can sashen masu gidan ne, Yarbawa, Alhaji mai fataucin goro da matarsa Iya, wadda take da rumfa a kasuwar Sabon Gari tana sayar da hoda da kwalli da turare da su jan baki. Iya ta girme ni nesa ba kusa ba, amma ita ce ƙawata. Ita take kawo mini labarin kasuwa da yamma, ni in ba ta na lungu. 'Ya'yansu duk sun yi aure sun watse, saura na ƙarshen, saurayi dogo mai yawan dariya. A Fagge aka yanke masa cibiya, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Auta kowa yake ce masa. Ni yana ce mini Yaya, Inna kuwa ta mai da shi jika, ba ta kiransa sai da "mijina".

Auta makaɗi ne, ko in ce yana so ya zama. Ya daɗe yana bin wasu masu kiɗan rawa da suke yi a wani otal a Sabon Gari, yana ɗaukar musu kaya, yana taɓa wannan yana taɓa wancan. To sai ubangidan makaɗan, wani mutumin bakin teku, ya je Ikko ya dawo da sabuwar jita irin wadda ba a saba gani ba: doguwar wuya, tsirkiya huɗu masu kauri, su suna ce mata bes. Ita ce mai muryar ƙasa, wadda sauran kayan kiɗa suke takawa a kanta. Samari biyu suka nuna suna so, Auta da wani. Ubangidan ya ce kowa ya tafi da ita gida ya yi 'yan kwanakinsa yana koyo, ranar wata Asabar da la'asar zai saurare su ya zaɓi ɗaya. Wancan ya riga ya yi nasa kwanakin. Aka zo kan Auta.

Alhaji bai so harkar ba, amma mutum ne mai magana ɗaya. Ina jinsa ta katanga ranar da aka shigo da ita, ya ce, "Idan sun ɗauke ka, to sana'a ce, na yi shiru. Idan ba su ɗauke ka ba, ka haɗa kayanka ka bi jirgi wurin baffanka a kudu, gonar goro tana neman hannu." Iya kuwa ranar miyarta ta kama, ni na fara jin ƙaurin. Autan nan shi kaɗai ya rage mata a gaba.

Abin dariyar shi ne, jitar nan ba ta magana sai da lantarki. A otal ana jona ta da wani akwati, ta yi ruri har ƙirjin mutum ya amsa, in ji Auta. Mu kuwa fitilar ƙwai muke kunnawa. Idan ya taɓa tsirkiyar a ɗakinsa ba a jin komai sai ɗan tif-tif kamar ɗigar ruwa a kan tabarma. Sai ya gano dabara. Ya kife turmi a gindin katanga ya zauna, ya jingina kan jitar da ƙyauren nan namu, sai ƙyauren ya ɗauka. Katakon ya riƙa gurnani a hankali, dum, dum-dum, har kwanukan jerena na ɗaki su riƙa amsawa da ɗan zirr. Ni kuwa na samu abin yi. Wanki, tsintar shinkafa, saƙar hula, duk na kwaso su na dawo gindin ƙyaure.

Kiɗan da za a gwada su da shi ma na san shi, don mai shayin bakin lungunmu yana da garmaho, faifansa kuma ba su da yawa, wannan ɗin sai ya sa shi har shi kansa ya gaji. Mutane suna bin masu busa da mai waƙa, ni kunnena can ƙasa yake zuwa, wurin mai kaurin muryar. Shi ya sa na lura akwai wuri guda da Auta yake tuntuɓe kullum. Kiɗan yakan gangaro kamar mai saukowa daga soro, ya tsaya ya ja numfashi, sannan ya taka ƙasa. Auta ba ya jan numfashin. Dira kawai yake yi. Na ji, na yi shiru, don ba a tambaye ni ba.

Yanzu sai in gaya muku halin Inna. Da ƙuruciyarta tukwane ta sayar a ƙauyensu, kuma hannunta bai manta ba. Tana da wani ƙaton zoben azurfa a yatsan tsakiya, da shi take gwada duniya. Tukunya, ƙwarya, kabewa, sabon kwano, ƙofar da kafinta ya gyara, duk sai ta ƙwanƙwasa ta kara kunne. In abu ya amsa da murya ɗaya lafiyayye ne, in ya amsa da biyu akwai tsaga. Har kan jikokinta ba ta bari ba, wai tana duba ko akwai wani abu a ciki.

Wata hantsi, Alhaji ya fita, mai gida yana shago, Iya ba ta kai ga tafiya kasuwa ba, Inna ta gaji da gurnanin ƙyaure ta tura shi.

"Mijina, me ƙofar mutane ta yi maka take kuka tun safe? Kawo abin nan in gani."

Auta ya miƙe da murna, ya shigo da ita sashenmu riƙe a hannu biyu kamar jariri ranar suna. Ranar na fara ganinta. Ja ce, ja mai duhu kamar zoɓon da ya kwana a ruwa, tana sheƙi har na hango fuskata da ɗankwalina a jikinta. Inna ta karɓa ta ɗora a cinya, ta juya ta gaba, ta juya ta baya.

"Ina cikinta?"

"Ba ta da ciki, Inna."

"Fatar fa?"

"Babu fata. Katako ne zalla."

"To allo ke nan aka sa wa wuya. Garaya tana da ƙwarya, molo yana da ciki, kai an ba ka allo ka rungume kana murna. Ta ina muryar take fita?"

Kafin ya ba ta amsa ta ƙwanƙwasa da zoben. Ƙwas. Babu amsa. Ta kara kunne, ta yamutsa fuska, ta ɗaga hannu ta sake sauke shi da ƙarfin da take gwada randa mai kauri, kuma a wannan karon gefen zoben ne ya sauka.

"Kurma ce," in ji ta. "Amma ba ta da tsaga."

Tsaga kam babu. Sai dai a daidai kafaɗar jitar, inda haske ya fi sauka, ga wuri ya lotsa, bai fi ƙwayar wake ba. Fentin bai ɓare ba, ya dai bi katakon ya shige ciki. Fuskata da nake hangowa a wurin ta karkace.

Auta ya matso. Ya sa babban yatsa ya shafa, ya sake shafawa, kamar abin zai goge. Sannan ya zauna a ƙasa ya gaya mana ubangidan nasu mutum ne da yake goge kayan kiɗa da hankicin aljihunsa, kuma ranar da ya miƙa masa ita ya ce wanda bai iya riƙon kaya ba, ba sai an saurari kiɗansa ba. Wancan yaron ya mayar da ita ko sawun yatsa babu.

"Shi ke nan, Yaya," ya ce, da 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ki fara soya mini guzurin jirgi."

Iya ta shigo, ta duba, ta faɗi wani abu da Yarbanci a hankali wanda ban nemi fassararsa ba. Inna ta ce ita ba ta taɓa ganin katakon da zobe yake ji wa ciwo ba, wannan ragon icce ne, a mayar wa mai shi ya sake wani. Tana faɗa tana murza zoben, ta murza ta murza har ya fita, ta ƙulle shi a bakin zaninta. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa ganin yatsan nan babu zobe ba. Gurbinsa ya yi fari fat.

Ni ce na tuna da babana. Masassaƙi ne, akushi da turmi da kujerun mata. In sabon akushi ya faɗi ya lotsa, ba ya sake sassaƙa shi. Tsumma yake jiƙawa ya ɗora a wurin, ya danna da ƙarfe mai zafi. Yakan ce icce ba mutuwa ya yi ba, barci yake, in ya ji ɗumi da ruwa sai ya yi miƙa. Na faɗa musu. Auta ya ce shi yanzu ko tofi aka ce a yi mata ya yarda.

Na ɗauko dutsen gugar mai gida na zuba garwashi na fifita. Na yago ɗan ƙyalle daga tarkacen ɗinki, na jiƙa, na ninka shi ƙanƙane daidai wurin. Da hancin dutsen gugar kawai na taɓa. Ya yi cuu, na ɗaga. Na sake jiƙawa, na sake taɓawa. Iya ta riƙe wuyan jitar ta kau da kai, kamar uwa a gaban wanzami.

Da na ɗage ƙyallen, katakon ya taso, fiye da rabin ramin ya cike. Ba mu gama hamdala ba muka ga sauran. Kewaye da wurin fentin ya yi fari, dishi-dishi kamar hakiya a ido, ya fi ramin faɗi nesa. Da can sai ka matso za ka gani, yanzu daga zaure ma za a hango.

"Akushin babanki ba a shafa masa man Turawa," in ji Inna. "Kin dafa ta. Saura gishiri."

Na rasa inda zan sa kaina. Auta ya kwanta rigingine a tabarma, ya rufe fuska da hula, ya ce a tashe shi in jirgi ya zo.

Iya ta sunkuya ta ƙura wa farin wurin ido, ta ce ita ta san shi. Teburin ɗakin Alhaji mai sheƙi ya taɓa yin irinsa da aka ɗora masa butar shayi, ruwa ne yake shiga ƙarƙashin sheƙin ya rasa hanyar fita, kuma da toka da man gyaɗa ta kore shi kafin Alhaji ya dawo daga fatauci. Inna ta tashi ba a aike ta ba, ta ɗebo toka daga murhu, ta tankaɗe ta da gefen mayafinta har ta yi laushi kamar hodar Iya. Aka kwaɓa da ɗigon mai. Ta ce hannun da ya ɓata shi zai gyara. Ta naɗe yatsan nan da tsohon ɗankwali ta shiga zagayawa a hankali, tana yi tana yi wa jitar faɗa, wai ƙatuwa da ita ba ta da juriya, tukunyar ƙasa ma ta fi ta ƙashi. Ba nan take farin ya tafi ba. Muka ajiye ta a inuwa inda ɗumi yake kaiwa, aka sake murzawa da yamma. Washegari ya baje, jan ya dawo. Saura ɗan gurbin, yanzu bai fi ƙwayar dawa ba.

Auta ya ce ko wannan ɗan gurbin ma ubangidan zai gani. Ranar Iya ta dawo daga kasuwa da ƙulli a cikin kwandonta, ta kwance a gabanmu: 'yan kwalaben jan farce ne, irin wanda matan Sabon Gari suke shafawa, mu muna nan muna lalle. Ta ce ta lura in ya bushe a bakin kwalba yakan ƙanƙare ya yi sheƙi kamar jikin jitar nan. Muka shiga neman wanda zai dace. Wannan ya yi haske kamar tumatir, wancan kamar jinin kaza. A cikin kwalba kuma ba a gane gaskiyarsa, sai ya bushe. To a farcen wa za a gwada? Nawa da na Iya da na Inna duk lalle ya rine su. Sai na Auta.

"Iya, in abokaina suka gani na gama yawo a Fagge."

"In ka tafi gonar goro ma ka gama yawo a Fagge," in ji Iya. "Miƙo."

"Ai ango da lalle aka san shi," in ji Inna. "Yi shiru a yi maka ado, mijina."

Ya miƙo. Kowane farce da irin jansa, muna kara yatsunsa da jikin jitar a rana ɗaya bayan ɗaya, har aka dace da wani da Iya ta ɗiga wa ɗan mai duhu a ciki.

Da tsinken tsintsiya aka yi aikin, don buroshin kwalbar ya yi girma. Iya ta tsoma bakin tsinken, ɗigo ɗaya ya rataya, ta sauke shi cikin gurbin, ya zauna ya yi tudu kamar raɓa a ganye. Muka ce an gama. Da ya bushe sai ya shanye ya koma ciki, gurbin ya sake bayyana, ya dai rage zurfi. Ashe abin sai an bi shi kamar yaɓen ɗaki, a sa, a bari ya sha iska sosai, a ƙara. A ɗigo na gaba wani ƙuda ya zo ya sauka a kai ya bar mana ƙafarsa, sai da Iya ta zaro ta da allura tana zaginsa da harshe biyu.

Nan Inna ta kafa doka. Ta ce wannan ƙunshi ne, kuma wadda aka yi wa ƙunshi ba ta aiki, ba ta yawo, ba a taɓa ta sai ya kama. Aka shimfiɗa wa jita sabuwar tabarma a ɗakina, aka kife wurin da ƙaramar ƙwarya, Inna ta zauna a bakin ƙofa da carbinta. Auta ya leƙo, ta tare shi da ƙafa.

"Ina zuwa?"

"Inna, Asabar fa ta matso. Da me zan koya?"

"Da ka koya tun kafin a yi mata ƙunshi. Wuce."

Ya koma sashensu ya zauna a kan turminsa, hannu babu komai. Ina jinsa yana ta tsaki. Can sai na ji yana bin kiɗan da baki yana buga ƙafa, dum, dum-dum, ya zo gangaren nan ya dira yadda ya saba. Ina wannan gefen ina tsintar wake, sai kawai na ji bakina ya ce, "Ba haka ba ne."

Ƙafarsa ta tsaya. "Yaya, me kika ce?"

"Na ce ba haka yake a faifan mai shayi ba. Kana sauka ba ka jira."

"In jira me?"

Ban san sunan abin a wurinsu ba, har yau ban sani ba. Sai na ajiye tiren na yi masa da bakina, can ƙasan maƙogwaro, na gangaro, na tsaya, na taka. Kunya ta kama ni, matar aure tana gurnani a bayan ƙofa. Ya ce in sake. Na sake.

"Kamar daka ne," na ce masa. "In ku biyu ne a turmi ɗaya, ba ka sauke taɓaryarka sai ta ɗan'uwanka ta fita. Wurin nan na mai ganga ne. Bar masa kayansa."

Sai ya fashe da dariya, ya ce shi duk zatonsa mai gangar ne yake makara, har ya taɓa yi masa magana.

Ya ari muciyar Iya ya rungume ta a matsayin jita, yatsunsa masu ja iri-iri suna tafiya a jikinta. Yana bi da baki da ƙafa, ni ina yi masa muryar daga bayan ƙyaure. Duk lokacin da ƙafarsa ta riga ni sauka sai in buga ƙyauren da ludayi. Da fari ƙyauren nan ya sha ludayi. Daga baya ya samu sauƙi. Haka muka cinye kwanakin ƙunshin, Iya tana ɗiga ɗigonta da safe kafin ta fita, Inna tana gadi, mu muna namu.

Mai gida ya dawo cin abinci wata azahar ya same ni ina tuƙa tuwo ina gurnani. Ya tsaya ya dube ni, ya tambayi Inna ko a kira malam. Da aka ba shi labari sai ya ce shi dai a riƙa zubar masa da tokar dutsen gugarsa in an gama. Amma shi ne ya yi aikin ƙarshe, ba a roƙe shi ba. Da ɗigon ƙarshe ya bushe ya tsaya a tudunsa bai koma ciki ba, sai ya ɗauko sabuwar reza, ya naɗe gefunanta biyu da siririn ƙyalle ya bar tsakiyar, don kada ta taɓa lafiyayyen fenti. Ya riƙa kankare tudun kaɗan-kaɗan, yadda yake farke ɗinki a jikin shaddar da ba tasa ba, ko numfashin kirki ba ya yi. Inna ta bi da tokarta da mai. Aka goge da ɗankwali.

Muka fito da ita rana. Na leƙa, fuskata ta miƙe. In ba ka san wurin ba, ba za ka same shi da ido ba. Inna ta lumshe ido ta shafa da yatsa.

"Ido ba zai gani ba," ta ce. "Hannu zai ji."

Na shafa ni ma. Gaskiyarta, akwai ɗan abu, kamar ƙwayar yashi a ƙarƙashin zanin gado.

Ranar Asabar Auta ya yi wanka ya sa farar riga. Ya kankare farcensa har suka yi zafi, amma jan bai gama fita daga gefe-gefe ba. Ya saɓa jita a cikin jakarta ya fita bayan azahar. Iya ba ta je kasuwa ba, mu uku muka zauna a tsakar gida muna ɓarar gyaɗar da babu mai bukatarta. Alhaji ma a zaure ya yini, wai zafi ne ya hana shi fita.

Kafin magariba na ji shi tun daga bakin lungu. Auta in yana cikin damuwa jan takalmi yake yi. Wannan kuwa dugadugi ne yake sauka. Na ce wa Iya, "Tashi ki ɗora tukunya, ɗanki ba ya zuwa ko'ina." Sai ga shi ya shigo hannu babu jita. Gabana ya faɗi, na ce ko yau kunnen nan ya ci amanata.

Ya zauna ya ba mu labari, yana yi yana kwaikwayon muryar mutumin. Ubangidan ya karɓi jitar, ya zaro hankici ya shiga gogewa. Ya wuce wurin. Ya dawo. Ya ajiye hankicin ya sa babban yatsa, sannan ya kai hanci ya sansana, sannan ya dubi farcen Auta.

"Me ya same ta?" in ji shi.

Auta ya ce tun daga gida ya shirya ƙarya iri-iri, amma da ya ga mutumin yana kallon farcensa sai duk suka gudu suka bar shi. Ya faɗi komai, da zobe, da dutsen guga, da toka, da ƙuda, da ƙwaryar da aka kife. Sauran makaɗan suna ta dariya har mai ganga ya sauko daga kujerarsa. Ubangidan bai yi ba. Ya tambaya, su wa suka yi aikin? Auta ya ce duk gidan. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce a jona ta da akwati.

Wancan yaron ya fara, kuma Auta ya ce hannun yaron ya fi nasa sauri, ba ƙarya. Da aka zo kansa ya gangaro ya iso wurin nan, ya ce wallahi sai da ya ji kamar ludayi yana shirin sauka a ƙyaure. Ya jira. Mai ganga ya shiga gurbin da aka bar masa, ya ɗago kai ya dube shi. Da aka gama ubangidan ya ce Auta ne, amma jita ba za ta sake kwana a Fagge ba. Kuma tsohuwar nan mai zobe, a gaishe ta, a roƙe ta kada ta zo otal.

"Wa ya ce masa ina zuwa," in ji Inna. Ta kwance bakin zaninta ta mayar da zobenta, ta jawo kan Auta ta ƙwanƙwasa, ta kara kunne. "Har yanzu babu komai a ciki. Amma ba tsaga."

Alhaji ya yi gyaran murya daga zaure, ya ce tunda sana'a ce, a riƙa yin sallah kafin a fita. Iya ta tashi ta ɗora tukunyar, daga baya kwano shaƙe da sakwara ya ƙetaro ta ƙyaure, miyar kuwa ba ta kama ba.

In za a faɗi gaskiya, ni ce na yi asara a lamarin. Ƙyaure ya koma ƙyaure, kwanukan jerena suka yi shiru, na kwashe wankina na mayar inda yake a da. Otal kuwa ban taɓa zuwa ba, ban ma san ina ƙofarsa take kallo ba. Amma wata yamma ina kwashe shanya, iska ta juyo daga wajen Sabon Gari, ashe suna gwaji. Masu busa da mai waƙa duk hanya ta cinye su. Muryar ƙasan nan ce kaɗai ta tsallako rufin kwano da hayaniyar masu tashi daga kasuwa ta iso tsakar gidanmu, ƙasa-ƙasa. Na ji Auta ya gangaro. Na tsaya da zani a hannu. Shi ma ya tsaya, sannan ya taka. Na tura ƙyauren na ce wa Iya ta fito ta ji ɗanta. Ta fito ta kasa kunne, ta kasa, ta ce ita ba ta jin komai sai garmahon mai shayi, amma ta yarda.